Tarin da ya ƙi jin magani: abin da za ka faɗa wa likita

A 1950 wasu masana biyu a Landan, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa majinyata a asibitoci 20, don gano abin da ke yawaita kansar huhu. Da farko Doll kwaltar titi da hayaƙin mota ya zarga. Amsoshin majinyatan suka nuna masa taba sigari, shi kuwa mashayinta ne, sai ya ajiye ta tun bai kammala aikin ba. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambayoyi, kusan 40,000 suka amsa, aka yi ta bibiyarsu shekara 50, daga baya Richard Peto ya shigo aikin. Aka gano cewa taba na kashe kusan rabin waɗanda suka daɗe suna sha ba su daina ba, wanda kuwa ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira daga kusan dukkan haɗarin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk wannan ilimi daga bakin marasa lafiya da likitocin da aka tambaya ya fito, don sun faɗi gaskiya. A nan muke da rauni, daga Bebeji har Doguwa.

Mutum zai yi wata uku yana tari, yana ramewa har wandonsa ya daina zama a ƙugu, amma kullum kemis yake tsayawa a ba shi maganin tari na kwalba. Kada ka yi haka. Tari in ya wuce mako biyu, je asibitin gwamnati a gwada kakinka. Gwajin tarin fuka kyauta ne, maganinsa na wata shida ma kyauta ne.

Matsalar ita ce kansar huhu da tarin fuka kamarsu ɗaya: tari, jini a kaki, rama, ciwon ƙirji. Saboda haka idan gwaji ya nuna babu tarin fuka amma ba ka daina tari ba, ko ka sha maganin wata biyu babu sauƙi, koma ka ce, "Likita, ba na samun sauƙi, a duba ko wani abu ne daban." Nemi hoton ƙirji da takardar tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can za a iya yin hoton siti sikan, a ɗebi ɗan nama a duba, wanda shi ne ke tabbatar da cutar kansa. Dushewar murya da ta daɗe da kumburin fuska ko wuya ma abin faɗa ne.

In ka shiga, kada kunya ta rufe maka baki, ko da ɗanka ne ya rako ka. Faɗi karan taba nawa kake sha a rana, tun yaushe, har da shisha. Faɗi sana'arka. Idan ka yi haƙar kuza a Riruwai ko fasa dutse, ambata, domin ƙurar dutse na lalata huhu, kuma ramin da iska ba ta zagayawa yana tara iskar radon mai jawo cutar kansa. Ke ma Inna, da kika yi shekara 30 kina hura itace ɗanye a rufaffen madafi da damina, idanu na hawaye, gaya wa likita. Rashin shan taba ba ya hana a duba ki.

Samu jakar leda ɗaya ka tara komai: katin asibiti, hotuna, sakamakon gwaji, har kwalayen magungunan da ka sha. Mutumin da ya taso daga Kiru ko Tudun Wada da asuba, ya biya kuɗin mota, bai kamata a sake masa gwajin da ya riga ya yi ba don takarda ta ɓata.

Idan kuma aka nemi izininka a saka bayananka a wani bincike, tambayi me za a yi da su, kuma ko za a ɓoye sunanka. Kana da ikon ƙi, ba kuma za a fasa yi maka magani ba. Ni dai ina ganin ka yarda in bayanin ya gamsar da kai, domin yawancin abin da likitocinmu suka karanta kan wannan cuta daga huhun Turawa aka samo shi, ba na mai haƙar kuza ko matar da ke girki da kara ba.