Amsoshin Tambayoyinku: Kamannin Dabbobin Gobe

Tambayarmu ta fito ne daga Malama Hauwa a Maradi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce ɗanta yana son zana dabbobin da za su rayu a nan gaba mai nisa, to daga ina zai fara?

To Malama Hauwa, mun gode. Wannan fanni hasashe ne, sanin gaibu sai Allah, amma hasashe ne da ake ginawa a kan ilimin halittu. Wanda ya yi fice a kansa shi ne Dougal Dixon, ɗan ƙasar Sukotilan, wanda a shekarar 1981 ya wallafa littafi mai suna After Man. Ya ƙiyasta duniya bayan shekara miliyan 50 babu ɗan Adam. A cikin littafin, zomaye sun girma sun maye gurbin barewa, ɓeraye kuma sun rikiɗe sun zama mafarauta masu bin su.

Shawarata ita ce ɗanki ya fara da muhalli. Muhalli, Malama, kafin dabba. Akwai ruwa ko fari? Me dabbar za ta ci, wa zai ci ta? Daga nan siffa ke fitowa. Ya dubi yanyawar hamada: manyan kunnuwanta na taimaka mata fitar da zafin jiki, suna kuma jiyo motsin abin farauta. To in zafi ya ƙaru, yaya bushiya ko gafiya za su kasance? Kowane ƙaho, kowane fiffike da ya zana, ya iya faɗin amfaninsa.

Ki saya masa littafin zane da fensir, kuma ki bar shi ya riƙa lura da dabbobin da ke kewaye da gida.