A Rumfa Ake Neman Sake Ƙirga Ƙuri'a

Da an bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, sai kuka ya tashi daga ɓangaren da ya faɗi: a sake ƙirga! Waɗanda suka ci kuma su ce ai bakin alƙalami ya bushe. Ni lauya ne, ina kuma horar da ejan-ejan na jam'iyyu a Birnin Kudu da Gwaram, kuma abin da na fi gani shi ne masu neman sake ƙirga sukan zo bayan lokacinsa ya wuce.

Sashe na 61 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bai wa ɗan takara ko ejansa damar neman a sake ƙirga ƙuri'u a rumfa, da zarar jami'in rumfar ya kammala ƙirgawa. Sau ɗaya tak. Idan ejan ɗin wata rumfa a mazaɓar Kangire ya tafi murna tun ana ware ƙuri'u, ko ya zauna can gefe yana jiran kuɗin abinci, wannan dama ta tafi. Daga nan akwati zai wuce wurin tattara sakamakon mazaɓa, inda ake haɗa alƙaluman takardar sakamakon rumfa ta EC8A, ba a sake zazzage ƙuri'u a ƙasa.

A 2023 INEC ta bayyana Bola Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533. Ejan ɗin jam'iyyar Atiku, Dino Melaye, ya fice daga zauren tattara sakamako na Abuja kan rashin ɗora sakamakon rumfuna a shafin IReV na INEC. Amma da aka je kotu, abin da alƙalai suka nema shi ne shaida rumfa-rumfa daga bakin waɗanda suka tsaya a wurin. Rumfuna sun haura 176,000, kwana 21 ne kawai na shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 26 ga Oktoba, 2023. Ko a Amurka, a 2000, tazarar ƙuri'a 537 ce tsakanin Bush da Gore a Florida, Kotun Ƙolinsu ta tsayar da sake ƙirgar.

Mafi yawan rigimar rumfa kan lalatacciyar ƙuri'a take. Tsohuwa ta dangwala, ta naɗe takarda, tawada ta shafi gidan wata jam'iyya. Ejan na wannan ya ce tasu ce, na wancan ya ce a jefar. Jami'in rumfa ne mai yanke hukunci, amma ejan yana da ikon ya ce bai yarda ba, a rubuta hakan a jikin takardar. Ya kuma riƙa duba hatimi da sa hannu tun ana miƙa wa masu zaɓe. Kanawa sun ga illar wannan: kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta cire wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 kan rashin hatimi da sa hannu, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa.

Akwai kuma masu ƙin sa hannu a EC8A don fushi, suna zaton hakan ya rushe sakamako. Bai rushe komai ba, kuma galibi mai fushin kan tafi gida ba ko kwafi a hannunsa. Ejan ya tsaya har a karanta sakamako da babbar murya, ya gwada shi da adadin masu zaɓen da na'urar BVAS ta tantance, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton wanda aka manna a bango. Wannan kwafin ne lauya zai fara tambayarsa.