Alkawarin Allah da Masu Iya Iyo

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:21-44
Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:19

Mutum 276 ne a jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus zuwa Roma. Kwana goma sha huɗu guguwa tana jifa da su, amma Allah ya riga ya yi wa Bulus alkawari cewa ba ran da zai salwanta. To, lura da yadda alkawarin ya cika. Da jirgin ya farfashe kusa da tsibirin Malita, shugaban sojoji ya umarci masu iya iyo su fara faɗawa ruwa, sauran su bi a kan katakai. Duka suka kai gaɓa lafiya. Allah ya cika maganarsa ta hanyar abin da mutane suka koya tun kafin ranar wahala.

Iyo baiwa ce ga jikin nan da yake haikalin Ruhu Mai Tsarki. Yana motsa hannuwa, ƙafafu da baya gaba ɗaya, yana ƙarfafa zuciya da huhu. Da yake ruwa ne ke ɗauke nauyin jiki, ko mai ciwon gwiwa yakan sami sauƙi. Jan numfashi a tsare kuma yana kwantar da hankali, ya kawo barci mai daɗi.

Amma a nan Kiyawa, da damina ta sauka, ramukan da aka haƙa ƙasar gini sukan cika su zama kududdufai, yaranmu kuwa can suke nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Ruwan kududdufi kuma yakan sa tsargiya, wato fitsarin jini. Kada ka ce bangaskiya ta isa, ka bar yaro ga ruwan da ba ka san zurfinsa ba. Yesu kansa ya ƙi gwada Allah (Matiyu 4:7).

Abin yi: Nemi babba wanda ya ƙware ya koya wa 'ya'yanka iyo a ruwa mai tsabta, marar zurfi. Kada yaro ya shiga ruwa shi kaɗai. In ka ga jini a fitsarinsa, kai shi asibiti.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare 'ya'yanmu a wannan damina, ka ba mu hikimar shirya su tun da wuri. Cikin sunan Yesu, Amin!