Da wane farashi za mu ƙiyasta geron ƙungiya?

Malam sakataren ƙungiyar manoma daga Kunci, ka tambayi yadda za ku rubuta kimar geron da kuka girbe. Ƙa'idar IFRS 13, wadda kamfanoni suke bi tun 2013, ta ce kimar kadara ita ce abin da za a samu in an sayar da ita ranar ƙiyasi, ba cinikin tilas ba. Saboda haka ku ɗauki farashin kasuwar Dawanau na lokacin girbi, ku cire kuɗin mota da la'adar dillali. Wasu mambobi za su ce farashin kaka ya tauye su. Gaskiya ne yana ƙasa, amma na bazara hasashe ne, bashin takin da ke kanku kuwa tabbas ne, shi ma ku rubuta shi. Ku ambaci kasuwar da ranar, domin kowa ya iya bincikawa.