DARASI: ADANAR TSOHON BARGO MAI CIKON ULU

A ƙasar Turkiyya akwai wani bargo da ake kira yorgan. Da hannu ake ɗinka shi. Ana shimfiɗa ulu, wato gashin tumaki, tsakanin ƙyalle 2, sannan a bi da allura a ɗinke. Yana cikin kayan ɗakin amarya. In ya samu kulawa, uwa tana barin shi gado ga ɗiyarta.

Yaya suke kula da shi?

Ba su tsoma shi cikin ruwa gaba ɗaya. Suna ɗinka zane a jikinsa ta wajen da ke taɓa jiki. In zanen ya yi dauɗa, sai a warware shi, a wanke, a mayar. In ulun ya dunƙule don tsufa, sai a farke ɗinki, a fitar da shi, a wanke, a shanya. Daga nan a buge shi da sanda, ko a shiɓe shi da baka kamar yadda ake shiɓar kaɗa. Sai ya koma da taushinsa.

Maƙiyan ulu 3 ne:

1. Ruwan zafi da cuɗa. Su ke sa ulu ya ƙanƙance ya yi tauri, kuma ba ya komawa yadda yake.
2. Danshi. Ulu yana shan danshi mai yawa ba tare da hannu ya ji ba. In aka naɗe shi haka, sai ya yi funfuna.
3. Asu. Tsutsarsa ce ke cin ulu. Ta fi son duhu da wurin da gumi ya taɓa.

Mai bargon ulu irin na Masina, ƙasar Mali, shi ma wannan darasi ya shafe shi. In ɗari ya wuce, a kakkaɓe bargo, a shanya shi ya sha iska. In wanki ya zama dole, a yi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban da murɗawa. Sai ya bushe sarai za a naɗe. A sa busasshen ganyen dogon yaro a ciki, a ajiye nesa da ƙasa saboda gara. Da damina a riƙa buɗewa ana dubawa.

Tambayoyi:
Me ya sa ba a wanke ulu da ruwan zafi?
Me ke cin ulu cikin ajiya?