Fitilar Jan Haske Za Ta Maye Gurbin Allurar Insulin?

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana allurar insulin. An turo mana bidiyo a WhatsApp cewa akwai fitilar jan haske da ake haska wa mai ciwon suga a ciki, fankiriyas ɗinsa ya farfaɗo. Mu saya masa ya huta da allura? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kada a taɓa masa allurarsa. Amma maganar hasken tana da asali.

A 1967 wani likita a ƙasar Hangari, Endre Mester, ya aske gashin ɓeraye ya haska wa wasu daga cikinsu lesa mara ƙarfi, sai ya ga gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga nan binciken ya samo tushe. Masana na ganin jan haske yana zaburar da ƙananan sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin jiki, kuma yana rage kumburi. Yau har ana amfani da shi a wasu asibitoci don rage gyambon baki ga masu jinyar kansa.

Fankiriyas kuwa, a nan gizo ke saƙa. Ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikinsa su ne garkuwar jiki ke hallakawa a nau'in ciwon suga na ɗaya, a na biyu kuma gajiya suke yi a hankali. Alamun farfaɗowar da aka gani duk a kan ɓeraye ne, ko ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji. Cikin ɓera siriri ne, haske na ratsa shi. Na ɗan Adam kuwa, fankiriyas yana can ƙurya a bayan tumbi, ga fata, ga kitse, ga tsoka. Haska tocila a tafin hannunki cikin duhu: yatsu za su yi ja, amma tsakiyar tafin da kyar.

Masu talla kan kafa hujja da wani bincike na Landan na 2024, inda aka haska wa mutane jan haske a gadon baya na minti 15, hauhawar sugansu bayan shan sukari ta ragu da kusan kashi 28 cikin ɗari. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutum 30 ne kacal, dukansu lafiyayyu, kuma ba a ce an gyara fankiriyas ɗin kowa ba.

Mai nau'i na ɗaya idan ya bar insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu jininsa na iya gurɓacewa har ya suma. In kuma an riga an sayi fitilar, a nisanta ta da ƙafafun Baba. Ciwon suga kan kashe jijiyoyin ƙafa, fitila mai zafi ta ƙone shi bai ji ba, gyambon kuma ya ƙi warkewa.