Darasi na 14: Kiwon Talotalo da Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida

Manufar darasi

Ɗalibai, a ƙarshen wannan darasi ana so ku iya bayyana asalin talotalo da ire-irensa, ku san yadda ake ƙyanƙyasar ƙwansa a gida, ku kuma iya ba da umurni da hani cikin daidaitacciyar Hausa. Ku karanta bayanin da ke ƙasa sau biyu: da farko a zuci, sannan a bayyane.

Karatu

Talotalo babban tsuntsu ne da ake kiwo a gida domin namansa. Namijinsa yana da jan nama a rataye a wuya, kuma yakan baza wutsiyarsa kamar mafici idan yana taƙama. Asalinsa daga nahiyar Amurka ta Arewa ne. Mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau su ne suka fara mayar da shi tsuntsun gida, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. A farkon ƙarni na 16 Turawan Sifen suka kai shi Turai, daga can ya bazu a duniya har ya iso Afirka. A Amurka akan ci namansa a Bikin Godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A Nijeriya kuwa kasuwarsa takan tashi ne a lokutan bukukuwa, musamman a ƙarshen shekara.

Talotalo iri biyu ne a wajen masu kiwo. Akwai na gona, wato fari mai faɗin ƙirji, wanda yakan kai girman yanka cikin mako 14 zuwa 18. Amma nauyin ƙirjinsa ya yi yawa, har namijin ba ya iya barbarar mace, sai ma'aikata sun haɗa irin da hannu. Akwai kuma na gado, wanda ya bi halittar kakanninsa. Shi yana barbara da kansa, yana kiwo a fili, kuma girmansa a hankali ne, domin sai ya yi mako 26 zuwa 28 kafin ya isa yanka. Daga cikin na gado a Amurka akwai Bronze da Narragansett da Bourbon Red da Royal Palm. Saura kaɗan su ɓace, saboda manyan gonaki sun koma ga fari mai faɗin ƙirji. Wata ƙidaya da aka yi a Amurka a shekarar 1997 ta samu guda 1,335 kacal da ake ajiye da su domin iri. Ƙananan makiyaya, masu ƙyanƙyasa a gidajensu, suna cikin waɗanda suka farfaɗo da su. Talotalon gida da kuke gani a ƙauyukanmu, baƙi ko fari ko mai dabbare-dabbare, shi ma yana barbara da kansa. Saboda haka duk wanda ya iya ƙyanƙyasar ƙwansa ba ya bukatar sayen 'yan tsaki kowace shekara.

Zaɓen ƙwai

Ba kowane ƙwai ne yake ƙyanƙyashewa ba. Da farko sai akwai lafiyayyen namiji tare da matan, kuma kada matan su wuce 10 ga namiji ɗaya. Ku riƙa kwashe ƙwai daga gurbi kullum. Ku zaɓi mai tsabta, matsakaici, wanda ɓawonsa bai tsage ba. Kada ku wanke shi da ruwa, domin a jikin ɓawon akwai wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ƙananan ƙofofinsa. Ku ajiye ƙwan a wuri mai sanyi da inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa. Kada ku sa shi a firji, kuma kada ajiyar ta wuce kwana 7, domin bayan haka ƙarfinsa yakan riƙa raguwa.

Hanyoyin ƙyanƙyasa

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, amma na talotalo sai ya yi kwana 28. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar uwar ta yi kwanci a kan ƙwai 10 zuwa 15. Ana kuma iya sa wa kaza mai kwanci guda 6 zuwa 8, tun da ƙwan talotalo ya fi nata girma. Hanya ta uku ita ce amfani da injin ƙyanƙyasa, wanda ke aiki da lantarki ko hasken rana ko kananzir. Injin yana kwaikwayon uwa ne a abubuwa huɗu: ɗumi, danshi, juyi da iska.

Ɗumin da ake bukata shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, idan injin yana da fanka a ciki. Ku kunna shi kwana ɗaya kafin ku zuba ƙwai, domin ku tabbatar ɗumin ya tsaya daidai. Danshi yana fitowa ne daga ruwan da ake zubawa a cikin faranti a ƙasan injin. Ana son ya kasance kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kwanaki 25 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa kusan kashi 70 a kwanaki ukun ƙarshe. Game da juyi, uwa takan motsa ƙwanta da baki sau da yawa a yini. Ku ma ku juya ƙwan sau 3 ko sau 5 kullum, domin kada ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Ku yi alama da fensir a gefe biyu na kowane ƙwai don kada ku rikice. Ku daina juyi a rana ta 25. Iska kuwa, ɗan tsakon da ke cikin ƙwai yana numfashi ta ƙofofin ɓawo, don haka kada ku toshe ramukan injin.

Duban ƙwai da haske

A rana ta 8 zuwa ta 10, ku shiga ɗaki mai duhu, ku ɗora tocila a kan faffaɗan gefen ƙwai. Idan kun ga jijiyoyin jini sun bazu kamar yanar gizo-gizo, to, ƙwan yana da rai. Idan haske ya ratsa shi tas, babu komai a ciki. Idan kuma jan zobe kuka gani ya kewaye cikinsa, ɗan tsakon ya fara halitta amma ya mutu. Ku fitar da waɗannan biyun na ƙarshe nan da nan. Ƙwan da ya lalace a wurin kwanci shi Hausawa ke kira baragurbi. Idan aka bar shi yakan fashe, ya yi wari, ya kuma ɓata sauran.

A faffaɗan gefen ƙwai akwai wani ɗan fili mai iska. Yana ƙara girma yayin da ruwan cikin ƙwai ke raguwa, kuma a cikinsa ɗan tsako ke fara shaƙar iska kafin ya fasa ɓawo. Girman wannan fili shi ne zai nuna muku ko danshin injinku daidai ne.

Matsaloli da dalilansu

Mai kiwo na ƙwarai ba ya zubar da ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa sai ya bincika dalili. Wata guda na wahala da kuɗin mai ba abin wasa ba ne, kuma kuskuren da ba a gano ba shi ake maimaitawa. Ga matsalolin da aka fi samu.

1. Ƙwai da yawa ba su da komai a ciki. Laifin ba na injin ba ne. Wataƙila namijin ya tsufa, ko matan sun yi masa yawa, ko ƙwan ya daɗe a ajiye cikin zafi.

2. 'Yan tsaki sun fito da wuri, misali a rana ta 26, ƙanana kuma raunana. Ɗumin ya yi yawa. Idan kuma sun makara har rana ta 30, ɗumin ya yi kaɗan. Ku gwada injin da ma'aunin zafi na biyu, domin wanda ke jikinsa yana iya yin kuskure.

3. Ɗan tsako ya cika halitta amma ya mutu bai fasa ɓawo ba, filin iskar kuma ƙarami ne. Danshi ya yi yawa, ruwan ƙwai bai ragu yadda ya kamata ba. Wannan ya fi faruwa da damina, musamman a kudancin ƙasar nan, inda iska take da laima. A irin wannan yanayi ku rage ruwan faranti.

4. Ɗan tsako ya huda ɓawo amma ya kasa fitowa, fatar ciki ta bushe ta manne masa. Danshi ya yi kaɗan a kwanakin ƙarshe. Iskar hunturu takan jawo haka, amma babban dalili shi ne yawan buɗe injin don leƙe. Daga hudawa zuwa fitowa yakan ɗauki yini guda, wani lokaci ma fiye. Kada ku yi gaggawar ɓare masa ɓawo, domin idan jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, zai zubar da jini ya mutu. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Ɗan tsako ya manne a gefe ɗaya na ɓawo ya mutu tun yana ƙarami. Ba a juya ƙwan yadda ya kamata ba.

6. An ɗauke wuta. Kada ku buɗe injin. Ku lulluɓe shi da bargo, ku bar ramin iska a buɗe. Idan lokaci ya yi tsawo, ku sa kwalabe masu ruwan ɗumi a ciki ba tare da sun taɓa ƙwan ba. Ƙwai yana jure ɗan sanyi na 'yan sa'o'i fiye da yadda yake jure zafin da ya wuce kima, don haka kada ku kai shi kusa da murhu.

Renon 'yan tsaki

Ku bar 'yan tsakin a cikin injin har gashinsu ya bushe, sannan ku mayar da su ɗakin reno mai ɗumin digiri 35. Ku riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Su da kansu za su gaya muku halin da suke ciki: idan sun cunkushe a gindin fitila suna kuka, sanyi suke ji, idan sun guje ta suna haki, zafi ya yi yawa. Ku shimfiɗa musu buhun algarara ko ɓuntun shinkafa, domin ƙasa mai santsi tana sa ƙafafunsu su buɗe.

'Ya'yan talotalo ba su da saurin koyon ci da sha kamar na kaza. Ku tsoma bakin kowanne a ruwa, ku kuma zuba tsakuwa mai tsabta a cikin mazubin don kada su nitse. Abincinsu na farko yana bukatar sinadarin gina jiki kusan kashi 28 cikin 100, fiye da na 'yan tsakin kaza, saboda haka dusa kaɗai ba ta isa ba. Kada ku haɗa su akurki ɗaya da manyan kaji. Kaji sukan ɗauki wata cuta da ke kama hanta da hanji ba tare da ta kayar da su ba, amma tana kashe ƙananan talotalo. Sauro kuma yana yaɗa cutar da ke fito musu da ƙuraje a ka. Ku nemi likitan dabbobi domin rigakafi. A ƙasar nan, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos a Jihar Filato, tana sarrafa magungunan rigakafin cututtukan kaji. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sababbin kalmomi

ƙyanƙyasa: fitar da ɗan tsako daga cikin ƙwai
kwanci: zaman da tsuntsuwa ke yi a kan ƙwai domin ta ɗumama shi
gurbi: wurin da kaza ko talotalo ke yin ƙwai
ɓawo: abu mai tauri da ya rufe ƙwai
baragurbi: ƙwan da ya lalace bai ƙyanƙyashe ba
danshi: ɗan ruwa-ruwan da ke cikin iska ko ƙasa
akurki: ɗakin kaji
barbara: haɗuwar namiji da macen dabba domin samun 'ya'ya

Tambayoyi

1. Daga wace nahiya talotalo ya samo asali, kuma su wa suka kai shi Turai?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin talotalon gona da na gado.
3. Don me ba a wanke ƙwan da za a ƙyanƙyashe?
4. Waɗanne abubuwa huɗu ne injin ƙyanƙyasa ke kwaikwaya daga uwa?
5. Wata mai kiwo a Fatakwal ta zuba ƙwai da damina. 'Yan tsakin sun cika halitta amma sun mutu a cikin ɓawo. Mene ne dalili, kuma wace shawara za ku ba ta?

Nahawu: umurni da hani

A cikin karatun an ba ku umurni, an kuma hana ku wasu abubuwa. Ana yin umurni da ka ga namiji, ki ga mace, ku ga mutane da yawa. Ana yin hani ta hanyar sa kada a gaba.

Ka juya ƙwan. Kada ka juya ƙwan.
Ki buɗe injin. Kada ki buɗe injin.
Ku wanke ƙwan. Kada ku wanke ƙwan.

Ku lura cewa ana amfani da ku ga mutum ɗaya ma idan babba ne, domin girmamawa. Misali: Baba, ku zauna a nan.

Ku mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:
a. Ka sa ƙwai a firji.
b. Ki toshe ramin iska.
c. Ku haɗa 'yan tsaki da manyan kaji.

Aikin gida

Ku ziyarci wani mai kiwon kaji ko talotalo a unguwarku, ku tambaye shi yadda yake zaɓen ƙwai da abin da yake yi idan ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Ku rubuta amsarsa cikin jimloli 10 na Hausa, biyu daga ciki su kasance umurni, biyu kuma hani.